Motar Askin Ciyawa a Filin Idi

Duk ɗan unguwarmu da ya daɗe a Yamai, in ya tashi dawowa Dakoro da abin kirki yake dawowa. Wani keken ɗinki, wani firji, wani ko ba komai ya zo da katifa. Zaharaddini da motar askin ciyawa ya dawo. A saman babbar mota aka kawo ta, tsakanin buhunan shinkafa, shi kuma yana zaune a kanta tun daga Maradi, ya sa baƙin tabarau, ya riƙe sitiyari sai ka ce shi ke tuƙa babbar motar duka.

Shekara shida ya yi yana gadi a gidan wani Bature. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya ce masa ya zaɓi ɗaya, firji ko wannan mota. Mutumin da garinsu yashi ne zalla wata tara a shekara ya dubi firji, ya dubi abin yankan ciyawa, ya zaɓi abin yankan ciyawa. Wanda bai san Zaharaddini ba, to yanzu ya san shi.

Motar ja ce, girmanta bai wuce na amalanken jaki ba, kujera ɗaya, a ƙarƙashin cikinta kuma wuƙaƙe biyu masu juyawa. Tun ranar da aka sauke ta, fadar shayin unguwa ba ta sake jin wata hira ba.

"Wagga aba sunanta tondos," in ji Zaharaddini, yana shafa ta da hannun riga. "Amma ba motar ce abin kallo ba. Abin kallo shina nan ƙarƙashi, ambiriyaj na lantarki, wato kuloci. Ku kun saba da na ƙahwa, a taka a saki. Wanga maɓalli guda ne. Ka jawo shi, wuta ta tahi, ƙarhe ya kama ƙarhe, wuƙaƙe su ɗauka. Ka danna shi, su tsaya. Shekara shida muna tare, ko rana guda bai ba ni kunya ba."

Wannan gaskiya ne. Sai daga baya muka ji daga bakin wani ɗan garinmu da ya yi gadi a maƙwabtansu cewa Baturen da kansa yake hawa motar ran Lahadi. Aikin Zaharaddini shi ne wanke ta.

Da abin ya tsaya a fadar shayi, da ba wanda ya cutu. Sai dai shekarar nan Sallar layya ta faɗo a tsakiyar damina, filin idin unguwarmu ya yi ciyawa har gwiwa, ƙarangiya ta fara fitar da ƙaya. Tun zamanin kakansu, gidan su Zaharaddini ne ke da alhakin share wannan fili. Kwana uku kafin Sallah babba a gidan yakan kira gayya, a dama fura, a raba goro, maza su fito da haiwa, hauyar nan mai doguwar ƙota, su kwashe ciyawar kafin azahar. Ladan aikin abu ɗaya ne. Ran idi babban gidan ne ke shimfiɗa wa liman agalemi, wato fatar ragon da yake sallah a kanta, sannan ya tsaya daidai bayansa a sahun farko. Ba albashi, ba rawani. Amma Halidu, yayan Zaharaddini, shekara ashirin da takwas ke nan yana tsayuwa a wurin tun rasuwar mahaifinsu, kuma in ka cire wannan tsayuwa, ba shi da wani abin da zai nuna a duniya. Gonarsa ƙarama ce, maganarsa ma haka.

Akwai kuma mai jiran wurin. Elhaji Yazidu, babban ɗan kasuwar hatsi, ya sha gaya wa mai gari cewa gidan su Halidu ya ƙare, ba sauran maza, a ba masu hannu da yawa su yi wa addini hidima.

Halidu ya tafi Bader Goula ɗauko ragon layyarsa da ya ba makiyaya kiwo. Kwana biyu kacal ya yi. Kwana biyun nan sun ishi Zaharaddini ya bi gida gida yana sallama, yana cewa bana an yafe gayya, kowa ya ajiye haiwarsa, zamani ya zo. Mutane kuwa gero na jiran maimai, suka yi masa godiya, suka watse gonaki, wasu har can wajen Roumbou.

Halidu ya dawo janye da rago, ya ji labari tun a bakin gari. Ya tarar da ƙanensa yana goge tayoyi.

"Zaharaddini, wa ya aike ka?"

"Zamani ya aike ni, Yaya."

"Mutum sittin ka sallama."

"Mutum sittin da haiwa sittin, ga su nan cikin maɓalli guda. Kai dai ka wanke rigarka. Bana in ka tsaya bayan liman, har mutanen Sabon Maci sai sun ji labarin hilin ga."

Halidu ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya ɗaure ragonsa.

Ran gayya da hantsi, maimakon maza sittin, filin idi ya ga mutum ɗaya da tabarau. 'Yan kallo dai sun zo, tsofaffin da ba sa iya noma da matan da suka fito ɗiban ruwa. Zaharaddini ya hau, ya murɗa makulli, mota ta tashi da ruri. Ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauko da shi a hankali, ya jawo maɓalli. Aka ji ƙas daga ƙarƙashi, wuƙaƙe suka ɗauka. A faɗi gaskiya, ta yanka. Taku goma sha biyar ta yi, ta bar hanya a bayanta sumul. Ni kaina da nake tsaye a wurin sai da na ji kunyar dariyar da na yi masa a fada.

Sai ga liman ya iso da sandarsa. Ba a gaida liman daga zaune, balle a kan abin hawa. Zaharaddini ya taka birki, ya ɗaga daga kujera, ya rusuna.

"Allah gahwarta Malam, an kwan lahiya?"

Ƙas. Wuƙaƙe suka yi tsit.

"Lahiya lau," in ji liman. "Ita kuma mi ya same ta?"

"Hutawa takai, Allah gahwarta Malam. Kayan Turawa ne, suna da lokacin shan iska."

Ya koma ya zauna, ya saki birki. Mota ta tafi, ciyawa ta kwanta a gabanta, ta miƙe a bayanta lafiya lau. Ya tsaya, ya sauka, ya shige ƙarƙashi da sifana, ya ƙwanƙwasa ambiriyaj sau uku. Ya fito, ya hau, ya danna maɓalli, ya sake jawowa. Ƙas, wuƙaƙe suka ɗauka.

"Kun gani? Sai wanda ya san kanta."

Bai yi taku goma ba na'ibin liman ya iso. Bayansa tsohon wanzamin unguwa. Bayansa wani dattijo da ya yi wa mahaifinsu waliyyin aure. Kowanne sai an tashi, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi ruwa, an ce ruwa ya yi gyara. Kowace tashi kuma sai a ji ƙas. Kafin azahar Zaharaddini ya tashi sau goma sha ɗaya, ya shiga ƙarƙashi sau goma sha ɗaya, farar rigarsa ta koma kore, wurin da ya yanke kuwa bai wuce a ɗaure jakuna biyu ba.

Gwaggo Mata, ƙanwar mahaifinsu, tana zaune a gindin aduwa da ƙwaryar furar da ta dama wa gayyar da ba ta zo ba. Tun safe take kallo. Da ya fito daga ƙarƙashi karo na goma sha ɗaya ta yafito shi.

"Kai ɗan nan, zo. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ina da ido. Duk sa'in da ka ɗaga gindinka daga kujerar ga, sai ta ɗauke. Zamna ka bar tashi."

"Gwaggo, wanga lantarki ne. Mi ya haɗa lantarki da gindina?"

"Ni ma shi nika tambaya."

"Ke da ko tocila sai an kunna miki."

"Tocilata dai in an kunna ta, ba ta mutuwa don an yi sallama."

Mata suka kwashe da dariya. Zaharaddini ya gyara tabarau, ya ce ilimin inji ba a koyonsa a bakin turmi. Ba wanda ya ɗauki maganar tsohuwar da nauyi sai mutum ɗaya. Elhaji Yazidu yana tsaye can gefe da carbi, ya dubi kujerar, ya dubi Zaharaddini, ya ci gaba da jan carbinsa.

Da yamma Zaharaddini ya yanke hukunci cewa batir ne ya yi sanyi. Ya je ya lallaɓi ladan, ya karɓo batirin lasifikar masallaci. Washegari ladan ya yi kiran asuba da maƙogwaronsa, rabin unguwa suka makara.

Da hantsi aka koma fili da sabon batir. Wuƙaƙe na ɗauka, sai ga Elhaji Yazidu ya ratso ciyawa yana tattare babbar riga.

"Salamu alaikum, injiniya. Sannu da ƙoƙari."

Zaharaddini ya tashi. Ƙas.

Elhaji ya yi gaisuwarsa a nitse, ya wuce, ya tsaya bayan aduwa. Ya jira aka shiga ƙarƙashi, aka ƙwanƙwasa, aka fito, aka hau. Wuƙaƙe na ɗauka ya dawo.

"Ka ga tsuhwa, na mance ban tambaye ka mutanen Yamai ba."

Ƙas.

"Suna lahiya, Elhaji."

"To madalla. Ci gaba da aikinka, kada in tsare ka."

Karo na uku ya zo tambayar ko Baturen ya sauka lafiya. Karo na huɗu ya zo jajen wata akuyar gidansu da ta mutu bara. Da gaisuwa ta ƙare masa, sai ya aika amalankensa ta kwaso tsofaffin unguwa, har da waɗanda suka shekara ba su leƙa ƙofar gida ba, wai su zo su sa wa aikin albarka. Kuma ba a tare aka kawo su ba. Ɗaya bayan ɗaya ake saukewa, sai an ga mota ta fara tafiya.

Wajen azahar Zaharaddini ya gano wata sabuwar cuta. Ya ce ambiriyaj ya bushe, yashin Dakoro ya shige shi, maiƙo yake so. Ya aika aka ɗauko kwalbar man gyaɗan Gwaggo Mata, ya shiga ƙarƙashi ya ɗura masa rabi. Ya hau, ya jawo maɓalli. Wannan karon ko ƙas ɗin ba a ji ba. Ƙarfe ya riƙa zamewa a kan ƙarfe, abin ya yi zafi, hayaƙi ya taso, filin idi ya game da ƙamshin suya. Karnuka biyu suka zo suka zauna suna jira.

"Injiniya," in ji Elhaji, "layya tun yau?"

"Gwaji ne, Elhaji. Haka akai a Yamai."

"Man gyaɗana ne akai da shi a Yamai?" in ji Gwaggo Mata.

A ranar Halidu ya bi gidajen da ƙanensa ya bi, yana roƙon a dawo. Gidajen ba maza. Waɗanda ya tarar kuma suka ce ai ƙanenka ya ce an yafe, mu kuma mun riga mun sa hannu a maimai, in muka bari ciyawa ta cinye geron. Da la'asar ɗan aiken mai gari ya same shi da saƙo a taƙaice: in safiyar Sallah ta yi fili bai sharu ba, gidansu ya sauke nauyin, akwai mai ɗauka.

Halidu ya ɗauki haiwarsa ya tafi bakin fili ta gabas, inda liman ke tsayuwa, ya fara shara shi kaɗai. Mutum ne da ya haura hamsin, filin kuwa na mutum sittin ne. Na tsaya na kalle shi, na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da dariyar da nake ta yi kwana biyu.

Ran jajibiri aka tura motar zuwa rumfar Nafi'u mai walda. Nafi'u ba mai surutu ba ne. Ya wanke man gyaɗan da fetur, ya bi wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kujera, ya ce Zaharaddini ya leƙo.

"Ambiriyaj ɗinka lahiyarshi lau. Ga waya nan ƙarƙashin kujera. Da gangan anka yi ta, in mutum ya tashi wuƙa ta tsaya, kada ta sare mishi ƙahwa. Gwaggonka ta hi ka kanikanci."

Akwai mutane a rumfar, kuma sun ji. Zaharaddini zai iya haƙura da komai a duniya ban da a ce Gwaggo Mata ta yi gaskiya.

"Wayar ga ni na san da ita," in ji shi. "Ba ita ce ba. Su Turawan ba su gaisuwa ne?"

"Ga alama ba su tashi ma kowa."

"To mu nan Dakoro muna tashi. Haɗe wayar. Ambiriyaj ɗin kuma ka yi mishi walda, ka liƙe shi da sudur, kada ya ƙara saki har abada."

"In na liƙe shi, da ka tada mota wuƙa na juyi. Maɓallin ga ya zama ado."

"Abin da nika so ke nan. Abin dogaro."

"Ka zamna kawai, Zaharaddini. Awa ukku. Kowa ya yi sallama ka amsa daga zamne, ka ba shi haƙuri bayan Sallah."

"In amsa ma liman daga zamne? Kai ubanka haka ya koya maka?"

Nafi'u ya juya ga mutanen rumfa ya ce, "Ku shaida, shi yac ce." Wutar lantarki kuwa an ɗauke ta tun safe, ba ta dawo ba sai la'asar. Aka yi waldar cikin gaggawa, ta ɗan karkace. Da aka tada motar sai ta kama rawar jiki kamar mai masassara, amma wuƙaƙe na juyi ba tsayawa. Kafin a turo ta fili hadari ya taso, aka yi ruwa har magariba. Ba abin da ya rage sai safiyar Sallah.

Gari na wayewa Zaharaddini ya hau. Motar na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, tabarau na zamowa kan hanci, amma ciyawa ta sha kashi. Ya je gabas, ya dawo yamma, ya sake komawa. Kafin rana ta ɗaga, filin da ya gagare shi kwana biyu ya kwanta, saura ɗan zirin arewa.

Mutane suka fara isowa da sababbin kaya. Zaharaddini ya tashi wa liman, wuƙaƙe ba su tsaya ba. Ya tashi wa na'ibi, ba su tsaya ba. Daga nan ya shiga tashi wa kowa, har waɗanda ya girma, har ya riƙa tuƙi a tsaye yana ɗaga hannu. Elhaji Yazidu ya yi sallama sau uku, kowace ta fi ta baya ƙarfi, bai ji ƙas ba. Ya koma gefe, carbinsa ya tsaya cak a hannu.

Halidu ya iso da wankakkiyar riga, agalemi a naɗe a hammata. Ya dubi filin daga wannan baki zuwa wancan. Ya je gabas, ya durƙusa, ya shimfiɗa fatar, ya shafe gashinta da tafin hannu, ya yi murmushin da bai yi ba tun dawowarsa daga Bader Goula. Sahu ya fara cika a bayansa, tabarma na bin tabarma, takalma sun taru tuli a bakin fili ta arewa. Ya ɗaga wa ƙanensa hannu.

"Ya isa haka nan, Zaharaddini. Kashe ta, ka zo ka yi alwala."

"Saura kaɗan, Yaya. Mai gari bai gani ba."

Mai gari kuwa ga shi nan tafe da mutanensa, ta arewa. Liman ana yi masa rusunawa, amma mai gari sai an sauka, an cire takalmi, an durƙusa. Zaharaddini ya taka birki, ya maƙale shi da 'yar ƙugiyarsa, ya bar mota a giya. Bai kashe inji ba, don in mai gari bai ji rurin ba, to me aka yi? Ya diro, ya tuɓe takalma, ya zube a gabansa, ya ba motar baya.

"Ranka shi daɗe, barka da Sallah. Ga aikin gidanmu nan. Da can ambiriyaj ɗin na da lalura, ni na yi mishi magani da kaina. Wagga mota yanzu, ko ina bisa ko ba ni bisa, aikinta takai."

Mai gari yana kallon bayan kafaɗarsa.

"Haka nig gani," in ji shi.

Karkarwar ta riga ta zame ƙugiyar birki. Motar ta kama hanya ita kaɗai, ba sauri, ba tsayawa, ta nufi tulin takalma.

Da takalman ta fara. Aka ji ƙara kamar ana dakan ƙashi, gutsattsarin roba da fata suka riƙa tashi sama kamar fara. Sababbin takalman Sallah ne, wasu ko ƙura ba su sha ba. Daga nan ta shiga sahu na huɗu ta gefe. Dattijai suka tattare riguna suka watse, waɗanda aka kawo da amalanke shekaranjiya suka yi gudun da iyalansu ba su san suna da shi ba. Ta haɗiye tabarma, ta tofar da kaba. Ta haɗiye ta biyu. Wata buta ta shiga ta gaba, ba a ga ta inda ta fita ba.

"Makulli," Nafi'u ke cewa daga can baya. "A murɗe makulli."

Zaharaddini ya bi ta da gudu ba takalmi, a kan ƙarangiyar da shi da kansa ya yanka ya baza. Taku ɗaya gudu, taku biyu tsalle. Ya cim mata a sahu na uku, ya rataye a bayan kujera, ciki a kai, ƙafafu na jan ƙasa. Makulli na nan kusa da hannunsa. Bai taɓa shi ba. Maɓallinsa ya nema, maɓallin da ya shekara shida yana gogewa, ya danna. Ya sake dannawa. Ya doke shi da dunƙule. Walda dai walda ce. Garin kokawar ya dafa sitiyari da gwiwar hannu, mota ta juya, ta miƙe gabas.

Halidu ya ga inda ta nufa. Ya sha gaban agalemin, ya buɗe hannuwa kamar mai tare saniya. Liman ne ya fizgo shi ta wuyan riga, saura ƙiris. Motar ta hau fatar, ta ja ta ciki. Gashi ya naɗe wuƙaƙe, inji ya yi tari sau biyu, ya mutu.

Farin gashin rago na saukowa a hankali a kan rawunan sahun farko. Agalemin nan mahaifin liman ya yi sallah a kansa, mahaifin Halidu ya shimfiɗa shi, ga shi yanzu rabi a ƙarƙashin mota, rabi a iska. Zaharaddini yana nan rataye a kujera, tabarau a haɓa.

Mai gari bai yi faɗa ba, bai ma dubi Zaharaddini ba. Ya ce majiya ƙarfi su ɗauke abin nan daga alƙibla. Kafin su gama turawa Elhaji Yazidu ya sauke darduma daga kafaɗa, sabuwa fil, ya shimfiɗa wa liman, ya gyara gefenta. Mai gari ya dube shi.

"Elhaji, tsaya nan bayan Malam," in ji shi.

Shi ke nan hukuncin. Halidu ya duƙa ya tsinci wani ɗan guntun fatar da bai wuce tafin hannu ba, ya juya shi, ya rasa inda zai ajiye, ya sa a aljihu. Ya ratsa sahu na biyu, aka matsa masa ya ƙi tsayawa. Ya ratsa na uku da na huɗu, mutane na sunkuyar da kai. Bai tsaya ba sai a sahun ƙarshe, gab da tsofaffin mata, inda ba tabarma sai yankakkiyar ciyawa. Gwaggo Mata ta miƙo masa ɗankwalin da ta zo da shi don shimfiɗa, ya karɓa bai waiga ba. Zaharaddini ya yi alwala a gurguje, ya zo yana ɗingishi, ba wanda ya buɗa masa wuri a ko'ina, ya lallaɓa ya tsaya kusa da yayansa.

Aka yi sallah, aka yi huɗuba. Liman ya taƙaita, don rabin jama'arsa hankalinsu na kan yadda za su koma gida a kan ƙaya. Da aka shafa fatiha, mutane suka dunguma arewa, kowa na tona tulin roba yana neman abin da zai gane. Can gaba ana ta miƙa wa Elhaji Yazidu hannu.

'Yan'uwan biyu suna zaune inda suke. Zaharaddini yana cire ƙarangiya daga tafin ƙafa, yana satar kallon yayansa. Ya yi haƙuri iya haƙurinsa, abin ya ci ƙarfinsa, ya matso ya rage murya.

"Amma Yaya, tsakani da Allah, ka ga dai ambiriyaj ɗin bai saki ba."

Halidu yana kallon bayan Elhaji Yazidu, can daidai inda ya saba tsayuwa.

"Na gani, Zaharaddini," in ji shi. "Daga nan baya ba abin da ba a gani."